Muryar Kofur Mika

Ƙanena Mika yakan gaishe mu kowace safiya, alhali shekara ta kusa zagayowa da sojoji suka zo gidanmu suka ce ba su san inda yake ba.

Ba mafarki nake nufi ba. Ni Saloma tela ce, in na kwanta ba na sanin inda kaina yake sai gari ya waye. Da safe ne abin yake faruwa, ido na ganin ido. Gladys matar Mika tana hura wuta, Mama tana zaune a bakin ƙofarta tana jiran rana ta gasa mata gwiwa, sai Justice ɗan Mika ya fito daga ɗaki yana ɗage dugadugansa kamar yadda ya saba. Zai tsaya a gindin gwaibar tsakar gida, ya juya wa kowa baya, ya buɗe baki.

"Ina kwana mutanen gida. Mama, kin tashi lafiya? Gladys, kina ji na? Sabis ɗin nan ba kyau. Ni lafiya lau nake, kada ku damu da ni."

Daga nan sai ɗan tarin nan na Mika, wanda yake yi in ya gama magana bai san yadda zai rufe ta ba. Muryar ta yaro ce, amma hawa da saukarta, da yadda yake jan sunan Gladys, da inda yake tsayawa ya ja numfashi, duk na ƙanena ne. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Justice ya shiga shekara ta huɗu a lokacin, kuma bai taɓa kiran uwarsa Mama ba. Bai taɓa cewa ruwa ba, balle abinci. In ka kira sunansa sai ka ce da bango kake. Abin da yake so a duniya shi ne ya shige ƙarƙashin teburin kekena ya kwashi bobin da nake naɗe zare a kai yana juyawa a ƙasa, ya kwantar da kunci yana kallonsu har su tsaya. Sai kuma wayar uwarsa. Saƙon murya na ƙarshe da Mika ya turo daga wajen tafkin Chadi, kafin a kai wa rundunarsu hari, yaron nan ya saurare shi har ba iyaka. Da Hausa Mika ya yi shi, don Gladys 'yar wajen Dirin Daji ce, ba ta jin yarenmu na C'lela sosai. Ranar da ta je gaida iyayenta, babur ya zame da su a wani rafi, wayar ta faɗa ruwa. Mai gyara a kasuwar Zuru ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya miƙo mata abinta. Ba a jima ba Justice ya fara maimaita saƙon.

Mama ce take amsawa. "Lafiya lau, ɗana. Yaya aiki? Ubangiji ya tsare ka." Sai ta kwance bakin zane ta ɗauko ƙuli-ƙuli ta miƙa wa yaron, ya karɓa ba tare da ya dube ta ba. Gladys ba ta cewa komai da ƙarfi, amma ina ganin leɓenta yana motsi, tana cewa ina jin ka. Ni kuwa nakan yi ta mita cewa yaro ne kawai yake maimaita abin da ya ji, amma ban taɓa taka keke ba sai ya kai ga tarin.

A Zuru ba ka rasa gidan da yake da soja, kuma ba ka rasa gidan da yake jira. Magana ta fita, mata suka fara zuwa da sassafe wai sun zo aron rariya ko garwashi. Wata Margaret, wadda mijinta suke runduna ɗaya da Mika, har durƙusawa ta yi gaban yaron tana tambayarsa ko ya ga baban su Joyce. Ranar na fita da tsintsiya a hannu na ce gidanmu ba gidan boka ba ne, kowa ta kama gabanta. Bayan ta tafi na ji tausayinta, don na san abin da yake cin ta.

Fasto ya zo ba sau ɗaya ba yana lallashin Mama a sa ranar da za a yi wa Mika sujadar tunawa, tunda ba gawa ba labari. Mama ta ce masa, "Fasto, wanda yake gaishe ni da safe za ku yi wa addu'ar matattu? Ka sha ruwa ka tafi."

Makarantar rainon da muka sa Justice ce ta dawo mana da shi. Shugabar ta ce ba ya zama, ba ya wasa da kowa, in an buga ƙararrawa sai ya toshe kunne ya kwanta a ƙasa. Amma ta yi mana kirki, ta kwatanta mana wata Malama Khairat da take zuwa daga Birnin Kebbi tana ganin irin waɗannan yara a wani ɗan ɗaki a bayan asibiti. Ni da Gladys muka kai shi. Na zaci zan ga allura da farin kaya, sai na tarar da yarinya siririya zaune dirshan a tabarma, ga kofi, ga cokali, ga hotunan tuwo da na ƙwallo. Na ce a raina, to, mun biya kuɗin babur a banza.

Ta daɗe tana kallonsa tana yi mana tambayoyi, daga baya likita ma ya gan shi. Suka ce sunan abin otizim, wanda a rediyo ake ce wa galahanga. Ba aljanu ba ne, ba kuma wani ne ya yi masa ba. Malama Khairat ta tambayi abin da ya fi so, muka ce ƙuli-ƙuli da bobin. Ta farfasa ƙuli-ƙulin ƙanana kamar ƙwayar dawa. Sai ta riƙe kofin ruwa a inda zai gani, ta jira ya miƙo hannu, ta ce "ruwa". In ya yi ko da "ru" ne, nan take ta ba shi, ta haɗa masa da ɗan ƙuli-ƙuli, ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. In bai yi ba, ba faɗa ba tsawa, ta kama hannunsa ta taɓa hoton kofi, ta ba shi, a sake. Aikin ke nan, yau da gobe da jibi. Ni da nake zama a kan keke tun safe har yamma, na sara wa haƙurinta.

Kafin shuka ta kai gwiwa, Justice yana cewa "ruwa" a ɗakin Malama. Yana cewa "ba ni". Amma da mun dawo gida sai bakin ya rufe, sai gaisuwar ubansa. Malama ta ce za ta zo ta ga yadda safiyarmu take.

Ta zo kuwa, ta zauna a kan turmi tana kallo. Justice ya fito, ya je gindin gwaiba, ya yi gaisuwarsa har tari. Na ga Malama ta shafa damtsenta. Mama ta amsa, ta kwance bakin zane. Ba a jima ba ya sake yi a gaban randa, Gladys ta ce ina jin ka, ta ba shi ƙosai. Ya jefar da ƙosan ya sake yi.

Malama ta matso kusa da Mama, ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Mama, yaron ga ƙishirwa shika ji. Kun ga inda yat tsaya, gaban randa na. Maganag ga ita ɗai gare shi, da ita shika roƙon ruwa, da ita shika roƙon abinci, da ita shika hwaɗin ya gaji. Kuma duk sa'ad da yay yi ta, gida duka shina tsayawa a saurare shi, a ba shi ƙuli-ƙuli. To mi za ya sa shi nemi wata?"

Mama ta ce, "To me kike so in yi?"

"Ban ce a hana mishi ba, kada ma wanda ya tsawata mishi. In ya yi, ku duba abin da shika so, ku hwaɗa mishi sunan abin, ku jira kaɗan. Ƙuli-ƙulin a aje shi sai ya yi tashi maganar. Gaisuwar kau, ku daina amsawa."

Mama ta dube ta tun daga sama har ƙasa. "Yarinya, a garinku haka ake yi? A gaishe ka ka yi shiru?"

"A'a, Mama."

"To nan ma ba a yi. Ko maƙiyinka ne ya ce ina kwana sai ka amsa, balle ɗan da ka haifa. In na yi shiru ya ga ba kowa a gida, ina zai koma?"

Malama ta sha kunu ta yi sallama. A bakin ƙofa ta ce mini ita ma ta ji abin har cikin ƙashinta, kuma ba za ta tilasta wa tsohuwa ba. Gladys ta yi ƙoƙari kwana biyu, amma ɗakinta yana kallon na Mama, kuma ita ma kunnenta yana so. Muka ci gaba da kai shi wurin Malama, gida kuma aka ci gaba da amsawa. Na yi faɗa har na gaji, Mama ta ce wadda ba ta haifa ba ba za ta gane ba. Wannan ta yi mini zafi, na kama bakina.

Da damina ta yi nisa, dawa ta rufe hanyar bayan gida, sai gaisuwar ta ƙaru. Da, safe ce kawai da lokacin da yake son wani abu. Yanzu har da rana, har da yamma, kuma ba duka yake yi ba, ƙarshen kawai yake ta nanatawa. Ni lafiya lau nake, kada ku damu da ni. Yana zaune ya faɗa, yana kwance ya faɗa. Malama ta tafi wani horo a Kaduna a makon, ba wanda zai ce mana ga abin da ke nan. Mama kuwa fuskarta ta washe. Ta ce Mika ya matso kusa, shi ya sa maganar ta yawaita. Ta sa aka share ɗakinsa, ta hana a yanka jan zakaran nan, wai na tarbarsa ne. Mata suka dawo aron rariya. Ni kaina, Allah ya sani, in babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Yaron ya rage cin abinci, muka ce ruwan sama ne ya sa masa mura. Ba ya yawo sosai, muka ce ya fara hankali. Tafiyarsa dama a kan yatsu take, wa zai lura da ɗingishi? Wanka kuma kullum kokawa ne, ba ya yarda a taɓa masa ƙafa, Gladys takan watsa masa ruwa ne kawai ta sake shi.

Wata ranar Alhamis ina ɗinkin kayan mawaƙan coci, na ji ƙafata ta taɓa shi a ƙarƙashin tebur, jikinsa kamar garwashi. Bobin suna zube a gabansa bai taɓa su ba. Na sunkuya na jawo shi, sai na ga ƙuda suna bin ƙafarsa ta hagu. Na juya tafin. Ya kumbura ya yi suntum, tsakiyar ta yi baƙi, gefen yana ƙyalli, ga wari. Na ɗan danna da yatsa. Jikinsa duka ya ɗauki rawa, hawaye suka zubo masa, ya kafa wa rufin ɗaki ido.

"Ni lafiya lau nake," in ji shi. "Kada ku damu da ni."

Ban san lokacin da na kurma ihu ba.

A asibiti suka ce fasasshiyar kwalba ce ta shige ta karye a ciki, ta kwana biyu tana ruɓa, da mun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ni na riƙe kafaɗunsa, Gladys ta danne gwiwoyinsa, ma'aikacin ya tsaga wurin. Mama ta nace sai da ta biyo mu, tana tsaye a jikin bango da sandarta. Justice ya yi ƙara irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, kuma tsakanin ƙara da ƙara, da muryar da ta dushe, yana ta gaya mana lafiya lau yake, kada mu damu da shi. Har tarin sai da ya yi. Ma'aikacin ya ɗago ya dube mu, bai gane ba.

Da aka naɗe ƙafar muka fito baranda, Mama ta zauna a benci. Can ta yi magana da yarenmu, a hankali, ba ni take kallo ba.

"Haka ubansa ya ce mana."

Sannan ta juyo gare ni.

"Saloma, da Mika ya yi maganar nan, a wane hali yake?"

Wannan tambayar ni ma ita ce take damuna tun a ƙarƙashin tebur. Shekara guda muna jin kalmomin nan muna samun sanyi a zuciya, ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa mutum zai ce kada a damu da shi tun ba a tambaye shi ba, ko me ya kawo tarin. Na ce mata ban sani ba. Tsoro ya kama ni a wurin, da rana tsaka, mutane suna ta wucewa da kwanukan abinci.

Ranar da Justice ya fara taka ƙafar, ya fito da bandejinsa ya je gindin gwaiba. Mama tana bakin ƙofarta. Ya juya baya.

"Ina kwana mutanen gida. Mama, kin tashi lafiya?"

Ya tsaya a inda Mika yake tsayawa, inda Mama take shigar da amsarta. Ba ta amsa ba. Na ga ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Ya ƙarasa, ya sake ɗaukowa daga farko, da ƙarfi. Mama, kin tashi lafiya? Gladys ta bar wuta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ya sake. Tsakar gidan nan ta yi tsit, sai kaji. Ban taɓa jin abu mai nauyi kamar gaisuwar nan da take yawo a gidanmu ba mai karɓa ba, kuma sau da yawa na buɗe baki zan amsa da kaina.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya juyo. Ya ɗingisa har gaban Mama ya tsaya, yana kallon gefen kunnenta. Hawaye suna bin fuskarta, amma ta duba shi kamar yadda Malama ta ce, ta ga yana lasar leɓe. Ta ɗauko kofi ta riƙe. Ta cire zanen daga baki.

"Ruwa," ta ce. "Ka ce ruwa, maigida."

Ya daɗe. Ya kaɗa hannuwa, ya yi ƙugi, na ce yanzu zai faɗi ƙasa.

"Ruwa."

Ta ba shi ya shanye, ta kwance ƙuli-ƙuli ta ba shi, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta fito ba sai da rana ta karkata.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Akwai safiyar da ya yi ta birgima a ƙasa, akwai wadda Gladys ta kasa daurewa ta amsa, muka koma baya. Da Malama ta dawo ta ji labarin ƙafar, kalmar da ta fara koya masa ita ce "ciwo". Ta manna hoton yaro a bango, tana nuna kai, tana nuna ciki, tana nuna ƙafa. Kafin a yi girbi Justice yana da kalmomin da sun fi yatsun hannu. Ya ce wa uwarsa Mama ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, don yana so ta cire masa takalmi. Gladys ta zauna a ƙasa da kayan cocinta ta yi kuka.

Gaisuwar kuwa ta riƙa guntulewa. Maganar sabis ce ta fara faɗuwa, sai sunan Gladys. Wata rana sai tarin kawai ya yi yana wasa da bobin. Daga baya na lura an kwana biyu ban tsayar da keke da safe ba. Na zauna na nemi muryar ƙanena a kaina, yadda yake jan sunan matarsa, na ga kalmomin suna nan amma sautin ya fara gudu. Na yi murna da yaron, kuma na yi baƙin ciki, duka a zama ɗaya.

Bayan an kai dawa rumbu, wata safiya Gladys ta tafi rijiya, ni kuma ina ɗakin ɗinki, labule a sake. Mama ba ta san ina ganinta ba. Ta lallaba da sandarta har gindin gwaiba inda Justice yake jera marufan kwalba, ta durƙusa da ƙyar a kan gwiwoyin nan nata. Ta kwance bakin zane ta ɗauko ƙuli-ƙuli guda, ba fasasshe ba, ta riƙe a gabansa. Ta waiga hagu da dama. Sannan ta rage murya.

"Ina kwana mutanen gida," ta ce masa. "Mama, kin tashi... Ka faɗa, maigida. Sau ɗaya kawai. Mama, kin tashi..."

Ta bar masa wurin a buɗe, tana jira. Na riƙe numfashina, don ni ma ina so. Justice ya ɗago, ya dubi ƙuli-ƙulin, ya dubi hannunta, ya miƙo nasa.

"Kaka, ba ni."

Ta ba shi. Ta daɗe a durƙushe tana kallonsa yana ci, har na fito na kama ta ta miƙe. Ba ta tambaye ni ko na ji ba. Ta kakkaɓe zanenta, ta ce in na gama ɗinkin da yake gabana in je in gaya wa Fasto ya sa ranar sujadar Mika.